Yadda Sankarar Babban Hanji Ke Ginuwa Daki-daki

Kusan duk mako fatar da ta shimfiɗe cikin hanjinmu takan sabunta: tsofaffin ƙwayoyin halitta su zube, sababbi su maye gurbinsu. A cikin wannan hayayyafa ce sankarar babban hanji ke samun ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 fiye da mutum miliyan 1.9 suka kamu da ita, sama da 930,000 suka rasu.

A 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka suka bayyana cewa ciwon yana samuwa ne idan kurakurai suka taru a ƙwayoyin gado, ɗaya bayan ɗaya. Wadda kan fara lalacewa ita ce APC, birkin ƙwayar halitta. Aikinta taimakawa wajen ruguza wani furotin mai suna beta-katenin. Da zarar ta gaza, sai furotin ɗin ya taru, ya kutsa cibiyar ƙwayar, ya kunna umarnin rabuwa. Daga nan ɗan tsiro ke fitowa a bangon hanji. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon suna da wannan lahani.

Tsiron bai zama sankara ba tukuna. A wajen kashi 40 cikin ɗari na masu ciwon, wata ƙwayar gado mai suna KRAS ce ke maƙalewa a kunne, ta yi ta aika saƙon girma ba tare da an umarce ta ba. Daga baya TP53, mai tilasta wa gurɓatacciyar ƙwaya ta kashe kanta, ita ma ta faɗi. Wannan tafiya kan ɗauki shekara goma ko fiye.

Shekarun nan ne ke sa raina ya ɓaci. Mutum zai ga jini a bayan gida, a ce masa basir ne, ya yi ta shan jiƙo har ya rame. Alhali likita na iya zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura, ya ga tsiron, ya cire shi nan take. Amurka ma ta sauko da shekarun fara gwajin zuwa 45 a 2021.

Sanin ƙwayar gadon da ta lalace shi ke zaɓar magani. Maganin cetuximab ba ya aiki ga mai lalatacciyar KRAS. Akwai kuma kashi 15 cikin ɗari da tsarinsu na gyara kuskuren kwafin gado ne ya mutu; su maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab, yakan karɓe su sosai.