Yaran Gabi na Buƙatar Mai Sauraro, Shi Ma Mai Sauraron na Buƙatar Mai Duba Shi

Gabi ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, kudancin jihar Maradi, ta jingina da iyakar Najeriya. Tun daga 2019, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara da Katsina da Sakkwato, dubban mutane suka tsallako jihar Maradi neman mafaka, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ɓarayin ma suka biyo sawu. Ƙauyukan da ke kewayen dajin Baban Rafi sun san satar shanu da kwasar mutane cikin dare don neman kuɗin fansa. Ana ƙidaya shanun da aka kora, ana lissafa kuɗin da aka biya, amma da wuya a tambayi halin yaron da aka ɗauke mahaifinsa a gaban idonsa, wanda gari na wayewa ya rataya jaka ya tafi lakkol.

Malamin aji ne kan fara ganin alamun. Yaron da bara yake ɗaga hannu, bana ya koma bencin baya ya yi tsit. Babur ya wuce a guje, ya zabura har alli ya faɗi daga hannunsa. Wani yana gyangyaɗi tun da hantsi, wani ya koma fitsarin kwance, wani kuwa abu kaɗan sai dambe. Mushe ya ce taurin kai ne ko daƙiƙanci, a gida a ce iska ce, a nemi tofi da rubutu. Bayanin masana halayyar ɗan Adam shi ne, idan mutum ya razana jiki yakan saki sinadaran da ke shirya shi gudu ko faɗa: zuciya ta yi sauri, kunne ya buɗe, barci ya ƙaurace. Wannan kariya ce a lokacin haɗari. Matsalar ita ce a wajen wasu yara jikin ba ya komawa daidai, kuma ƙwaƙwalwar da ke gadin ƙofa dare da rana ba ta da sararin riƙe lissafi. Yawancin yara kan farfaɗo in sun samu natsuwa, da makarantar da ke buɗewa kullum, da babban da suka amince da shi. Kaɗan ne ke buƙatar ƙwararre. Gane waɗannan kaɗan ɗin, da sanin yadda ake zama da su, shi ne aikin mai ba da shawara a makaranta.

Ba a aji kaɗai ake koyon aikin nan ba. A Amurka, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam da ke aiki a makarantu ta shar'anta wa ɗalibin babban digiri aikin gwaji na awa 1,200, aƙalla 600 daga ciki a makaranta, tare da zaman awa biyu kowane mako gaba da gaba da gogaggen da ke duba shi. Ɗalibi yakan fara da kallo, sannan ya gwada da abokan karatu, wannan ya zama yaro wancan ya zama mai sauraro, kafin a bar shi da yaro na gaske da izinin iyaye. Kamar yaron ɗori ne: ba a sakar masa karaya don ya haddace sunayen ƙasusuwa, sai ya daɗe yana riƙe ƙafa ubangidansa na kallon hannunsa.

Zaman dubawar nan shi ne zuciyar horon. A ɗauka ɗaliba ta zauna da yarinya 'yar shekara goma, ta kawo rahoto. Mai dubawa ya ce, "Malama, da ta ce tana jin tsoron magariba, me kika ce mata?" Ta ce, "Na ce ta yi haƙuri, komai ya wuce." Ya ce, "Daga nan me ta ƙara faɗa?" Sai ɗalibar ta tuna yarinyar ba ta sake cewa uffan ba. Haƙuri magana ce mai kyau, amma in ta zo da wuri rufe baki take yi, kuma sabon hannu ba ya ganin wannan da kansa, don shi a ganinsa lallashi ya yi. Akwai kuskuren da ya fi wannan muni, wato matsa wa yaro ya zayyana abin da ya gani daki-daki da sunan a amayar da ciwo. Bincike ya nuna irin wannan zama na tashi ɗaya ba ya hana ciwon, wani lokacin ma fama shi yake, shi ya sa littafin agajin farko ga wanda ya razana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya hana tilasta wa mutum magana. Ga kuma batun sirri. A ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma ake zargin akwai masu tsegunta wa ɓarayi, kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin shawara tana iya jawo wa gida bala'i. Dole a koya wa ɗalibi abin da zai binne a cikinsa da abin da ba shi da ikon ɓoyewa, kamar yaron da ke maganar kashe kansa. Shi kansa mai sauraron, in ya yini yana jin irin waɗannan labarai, sai ya samu inda zai sauke nasa nauyin, in ba haka ba ya bushe ko ya gudu.

Ba daga sifili za a fara ba. Ana karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, akwai tsangayar ilimin koyarwa a jami'ar Tawa, ga makarantar horon malamai a Maradi. A tsallaken iyaka, manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta tanadi masu ba da shawara a makarantu, kuma ana koyar da fannin a Zariya da Kano. Nijar da Najeriya sun amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo ta 2015. Sai dai masu digirin birni suke zama, abin da kan isa ƙauye kuwa taron bita ne na kwana uku: a raba takardu, a biya kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. Ban raina bita ba, amma bitar da babu mai bibiyarta nan da nan take dusashewa.

Zimbabuwe ta nuna wata hanya. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Matan ba su da digiri, amma akwai na sama da su da ke bin aikinsu, akwai kuma inda suke miƙa abin da ya fi ƙarfinsu.

A Gabi ma ana iya ɗora irin wannan a kan abin da ke ƙasa. Malaman firamare na Nijar sun saba haɗuwa a tarukan CAPED don gyara koyarwa, kuma jami'an da ke ba su shawara suna zagaya makarantu. A zaɓi malami ɗaya ko malama a kowace makaranta, a haɗa su da ɗaliban babban digiri da za su yi aikin gwajinsu a Madarunfa da Maradi, su kuma ɗaliban wani gogagge ya riƙa zama da su kowane mako, ta waya in hanya ba ta biyuwa. A yi aikin da Hausa, domin yaro ba ya kuka da Faransanci, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. A jawo malaman allo a jiki, tunda wurinsu uwa ke fara kai yaron da ya firgita. Kuɗin da ake buƙata na man babur ne da katin waya da albashin mai dubawa, kuma da su ya kamata a fara kasafin kafin a kai ga kuɗin hayar zauren bita.