Kada Ka Ci Kaka Tun Da Damina

Duk wanda ya tsaya bakin Ƙofar Gayan da yamma cikin watan Nuwamba zai ga abin farin ciki. Motoci da babura suna ta shiga birni da masara da dawa da waken soya. Mai kallo sai ya ce, lalle wane ya yi arziki bana. Amma da za ka bi buhunan nan har gida, sai ka tarar da yawansu ba za su kwana uku a hannun wanda ya noma su ba. Mai taki yana zaune a zaure, mai maganin feshi ya aiko yaronsa, wanda ya ba da hatsi da damina kuwa ya zo da kansa. Kafin a yi haka rumbu ya koma rabi.

To, a kan wannan za mu yi magana yau. Akawu yana karɓar albashi sau 12 a shekara, ɗan kasuwa yana ganin ciniki kullum, amma manomi sau ɗaya yake karɓar nasa, sai fa mai noman rani. Wanda ya yi kuskure da albashin wata, wata mai zuwa ya gyara. Wanda ya yi kuskure da kaka kuwa, sai baɗi.

BASHI

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma bashi iri biyu ne. Akwai wanda ke shiga gona ya fito da riba, watau na taki da iri da ƙwadago. Akwai kuma wanda ke shiga ciki ko biki, ba ya dawowa da kome. Na biyun nan shi ke karya mai gida.

Ga yadda abin ke faruwa. Da kaka kowa ya kai hatsi kasuwar Giwa ko Anchau a lokaci guda, saboda haka farashi ya faɗi. Mutum ya sayar da araha don ya biya bashi, ya yi suturar iyali, ya aurar da ’ya. Watan Agusta na kamawa abinci ya ƙare, hatsi kuwa ya yi tsada. Sai ya je wurin mai hali ya karɓi buhu ɗaya, a kan zai biya biyu da kaka. Ku duba lissafin nan da kyau. Daga Agusta zuwa Nuwamba wata uku ne, a cikinsu bashin ya ninka. Kuma wata yiwu hatsin da ya karɓa ɗin nasa ne, wanda ya sayar bara da hannunsa. Kaka ta zagayo, ya fara da giɓin buhu biyu, baɗi giɓin ya ƙaru. Ta haka ake kaiwa ga jinginar da gona.

Maganin abin ba a banki yake farawa ba, a rumbu yake. Ran da ka gama sussuka, kafin ka sayar da ko mudu ɗaya, auna abincin da gidanka ke ci a wata, ka ninka sau 12, ka ƙara na wata guda saboda baƙi. Ka fitar da zakka in ta kai, ka ware iri. Wannan ka ɗauka ba naka ba ne, na iyali ne. Abin da ya saura shi ne dukiyarka, daga cikinsa za ka fara biyan bashin da ya fi nauyi.

In kuwa cin bashi ya zama tilas, kiyaye abu uku. Na fari, a rubuta shi gaban shaidu, da yawansa da ranar biya. Kada ka ji kunyar haka, ai ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur’ani a kan rubuta bashi take. Na biyu, kada ka ɗauki abin da ba za ka iya biya ba in gona ta ba da rabin abin da ta saba. Na uku, ka sani bashin hukuma ma bashi ne. Da aka buɗe shirin rancen manoma na Babban Banki a Kebbi cikin Nuwamba 2015, wasu sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, daga baya aka bi su biya. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuwa yana da inda za shi, don tun 2012 bankin Jaiz ya buɗe, wasu irinsa kuma sun biyo baya.

Gargaɗi ɗaya ga ’yan kasuwa da ma’aikata masu sayen hatsi su ajiye. Ba kowace shekara farashi ke tashi da damina ba. A 2025 masara ta yi ƙasa ƙwarai, alhali taki yana da tsada, masu ajiya da yawa suka sayar da hasara. Ajiyar abincin gida tilas ce, amma ajiyar neman riba da kuɗin bashi kasada ce.

INSHORA

Ko manomi ya yi dukan abin da muka faɗa, akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun cinye gonaki ba iyaka, tsutsar nan mai cin masara kuma ta shigo ƙasar nan a 2016. Kakanninmu suna da nasu rigakafin: su haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, su yi fadama, su ajiye awaki. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Kada a yar da wannan dabara.

Inshora ƙari ce a kan haka. Ma’anarta mutane da yawa su zuba kaɗan kaɗan, wanda hasara ta faɗa wa a ɗebo a ba shi. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin inshorar noma a 1987, kamfanin NAIC ke riƙe da shi. Ana shiga ne tun lokacin shuka, ba bayan ruwa ya ci gona ba. In fari ko ambaliya ko gobara ko ƙwari suka auku, sai ka kai rahoto da sauri don a zo a gani da ido. Amma fa yawanci kuɗin da ka kashe a gonar ake dubawa, ba ribar da ka sa rai ba, kuma ba a biyan sakaci ko faɗuwar farashi. Kafin ka sa hannu, sa a karanta maka takardar da Hausa. Mai shakka ta wajen addini ya tambayi irin wadda ake kira takaful.

Kada kuma a manta da jiki. Wanda ya taɓa jinya a Asibitin Gambo Sawaba nan Ƙofar Gayan ya san ciwo ba ya jiran kaka. Ware tunkiya ɗaya ko buhu biyu da sunan magani, kada biki ya taɓa su.

GIDA

Cikin birni yawancin gidaje na gado ne, magada suna ƙaruwa, ɗakuna ba su ƙaruwa. Don haka samari ke neman fuloti bayan ganuwa. Abu ne mai kyau, amma kada ka sayar da gonar da ke ciyar da kai don ka gina inda za ka kwana da yunwa. Gina ɗaki ɗaya bana, ka rufa shi, ka shiga, baɗi ka ƙara. Adashi ya fi bashi dacewa da irin wannan aiki.

Kafin ka biya kuɗin fili, tambayi mai unguwa da maƙwabta, ka tabbata dukan magada sun yarda. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birane suna hannun Gwamna ne, shi ke ba da takardar mallaka. A Jihar Kaduna ofishin KADGIS ke wannan aiki. Takardar ciniki kaɗai ba ta isa ba. Ma’aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi saboda asusun gidaje da aka kafa a 1992, ya bi sawun kuɗinsa, don yana da damar neman rancen gida da su.

TSUFA

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire wa ma’aikaci kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 10. Duba takardar asusunka lokaci lokaci, ka ga ko kuɗin suna shiga. A 2019 kuma aka buɗe wa masu sana’ar kansu ƙofa, manomi da ɗan tireda su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa.

Amma kada ka dogara ga kuɗi tsaba kaɗai. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, watau wanda ya ɓoye kuɗi a tukunya shekara guda, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu ya tafi ba ɓarawo. Fanshon manomi na ainihi shi ne gonar da ba ta jingina, da mangwaro da ɗorawa da ya dasa yana da ƙarfi, da ’yan dabbobi, da ’ya’yan da ya ba ilmi da sana’a. Bishiyar da ka dasa kana shekara 40 ita za ta saya maka goro kana 70.

Saboda haka, jama’a, a bi abin daki-daki: abincin shekara tukuna, sa’an nan biyan bashi, sa’an nan rigakafi, kāna gini da tanadin tsufa. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi bayanin yadda ake adana masara da wake har damina ba tare da ƙwari sun ɓata su ba. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.