Yadda Ake Auna Aikin Gidajen Gyaran Hali

Da abu huɗu aka saba auna aikin gidajen yari na ƙasa: kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗan kurkuku, yawan mutane idan an gwada da gurbin da aka gina, yawan masu tserewa, da yawan waɗanda ke komawa bayan an sallame su. Lissafin kuɗi a bayyane yake. A Najeriya kuɗin abincin ɗan kurkuku na yini ya tashi daga naira 750 zuwa 1,125.

Inda mutane ke kuskure shi ne maganar cunkoso. Da an ji gidan yarin Birnin Kebbi ko na Argungu ya cika, sai a ce masu laifi sun yi yawa, a ƙara gini. Wannan zancen wanda bai duba rajista ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a kama su da laifin komai ba tukuna. Gandiroba bai kamo kowa ba, ba shi kuma da ikon sakin kowa. Ɗan sanda ne ya kawo, alƙali ya ce a tsare, fayil kuma yana can yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Wanda ake tuhuma da satar akuya a wata unguwa kamar Badariya, in ya rasa mai tsaya masa beli, yana iya zaman da ya zarce hukuncin laifin. To cunkoson nan aikin wa yake aunawa? Na kotu ne da 'yan sanda.

Dokar 2019, wadda ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta gane haka: ta ba kwanturolan jiha damar sanar da Babban Jojin jiha idan gida ya cika, har ya ƙi karɓar ƙarin mutane. Ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma. A ƙarshen 2023 aka saki mutum 4,068 a faɗin ƙasa bayan an biya musu tarar naira miliyan 585, wato talauci ne kawai ya zaunar da su ana ciyar da su. 

Fasa gidan yari, kamar na Kuje a Yulin 2022, shi ke cika jaridu, amma tsaron katanga kaɗai yake nunawa. Ma'aunin komawa ya fi shi faɗin gaskiya, sai dai yana buƙatar a ajiye zanen yatsun kowane fursuna, don a gane wanda aka sallama a Zuru idan ya sake shiga a Yawuri da wani suna.