Kazar Madarumfa sai an tafasa ta kafin ta shiga mai

Masu soya kifi a bakin tabkin Madarumfa, kudu da Maradi a kan hanyar iyakar Najeriya, ba sa jefa kifi cikin kasko sai sun ga man gyaɗa ya ɗau zafi sosai. Wannan ilimi shi ne rabin sirrin soyayyar kaza mai ɓawo garas-garas, irin wadda matasa ke gani a waya suna marmari. Sauran rabin yana jikin kazar kanta, kuma a nan ne masu kwaikwayon girkin Amurka suke yin tuntuɓe. Kazar da ake soyawa a can ta gidan gona ce, ana yanka ta tana da sati shida ko bakwai. Tamu kuwa takan yi wata da watanni tana kiwo a bayan gida, tana tsere wa shaho, jijiyoyinta sun yi tauri. Idan aka shafa mata gari aka tsunduma ta ɗanya, garin zai ƙone tun naman bai nuna ba. Don haka tsohuwar dabarar iyayenmu mata, a tafasa kaza da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari kafin suya, ita ce daidai. Tafasar tana narkar da jijiyar da ta sa naman tauri, sai aikin mai ya koma busar da ɓawo kawai.

Ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuwa ana son sa tsakanin 170 da 180. Kumfar nan da ke tashi da ƙara idan nama ya faɗa kasko ruwa ne ke fita ya zama tururi, kuma sai ya fita ɓawon zai bushe ya yi ja. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan jan da ƙamshinsa a 1912: haɗuwa ce ta sukari da sinadaran gina jiki a kan zafi. Shi ya sa cika kasko da nama yake ɓata aiki, mai ya huce, gari ya sha mai ya yi laushi. Shi ya sa kuma ake barin tafasasshiyar kaza ta tsane a kwando, sannan a tsoma ta cikin kindirmo ko ƙwai, a mirgina ta cikin gari. Fulawa zalla tana da danƙo, takan yi ɓawo mai nauyi. A gauraya ta da garin shinkafa ko na masara, za a ji bambanci a haƙori.

Wasu za su ce tafasa tana kwashe daɗin nama. Tana kwashe wani abu, gaskiya ne, amma cikin romo yake komawa, romo kuwa ba a zubar da shi a gidan Bahaushe: gobe shi ne miya. Ruwa kaɗan da wuta a hankali sun isa, har gishiri ya ratsa zuwa ƙashi. Wasu kuma na ganin a ƙasar gyaɗa irin ta Maradi, yajin ƙuli-ƙuli ya kamata a shafa tun farko maimakon gari. Wannan shawara ta fi jan hankali, sai dai ƙuli-ƙuli ya riga ya soyu sau ɗaya, komawarsa cikin mai yana sa shi baƙi da ɗaci, ya kuma ɓata man da ake lallaɓawa don suyar gaba. Tsire ya dace da shi domin a gefen garwashi ake gasa shi. A kazar kasko, masoro da citta da ɗan barkono su shiga cikin gari, yajin ƙuli kuwa a barbaɗa shi bayan an tsame naman da matsami, yana da zafi. Kuma kada a kife masa kwano, domin tururin da mai ya kora zai dawo ya jiƙa ɓawon tun kafin a kai wa maigida.