Lokacin da Mamaci Ya Zama Shaida: Bunƙasar Littattafan Almara na 'Yan Asalin Amurka

A shekarar 2020 Darcie Little Badger, 'yar ƙabilar Lipan Apache, ta fitar da littafinta na farko mai suna Elatsoe. Labarin Ellie ne, budurwa 'yar shekara 17 a jihar Texas, wadda ta gaji sirrin tayar da kurwar matattun dabbobi daga kakanninta mata. Hukuma ta ce ɗan'uwanta Trevor ya mutu a haɗarin mota, amma ya zo mata a mafarki ya ambaci sunan wanda ya kashe shi, wani attajirin likita a garin Willowbee. Littafin ya ci kyautar Locus a 2021, kuma bai fito shi kaɗai ba. Cherie Dimaline, 'yar al'ummar Métis ta Kanada, ta riga ta da The Marrow Thieves a 2017, Rebecca Roanhorse ta biyo da Trail of Lightning a 2018, Stephen Graham Jones na ƙabilar Blackfeet ya fitar da The Only Good Indians a 2020.

Dalili na farko na bunƙasar irin waɗannan littattafai na kasuwa ne. Gangamin We Need Diverse Books na 2014 ya matsa wa kamfanonin ɗab'i lamba kan ƙarancin marubuta daga ƙananan al'ummomi, har kamfanin HarperCollins ya buɗe reshe na musamman, Heartdrum, wanda ya fara fitar da littattafan 'yan asalin ƙasar a 2021. Na biyu gajiya ce da yadda baƙi ke ba da labarinsu. Finafinan kaboyi sun daɗe suna nuna su a matsayin mutanen da zamani ya shafe, kuma a 2016 J.K. Rowling ta sha suka saboda cusa abubuwan da ƙabilar Navajo ke ɗauka da nauyi cikin duniyar sihirinta.

Amma dalili mafi zurfi yana cikin shari'a. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1978 a ƙarar Oliphant, kotunan ƙabilu ba su da hurumin hukunta baƙon da ya yi laifi a ƙasarsu, sai 'yan ƙeɓe-ƙeɓen da majalisa ta ƙara daga baya. A Kanada kuwa, kwamitin binciken kashe-kashe da ɓacewar mata 'yan asali ya miƙa rahotonsa a 2019, inda ya kira lamarin kisan ƙare dangi. Al'ummar da ta saba ganin an rufe fayil ba tare da hukunci ba, ba abin mamaki ba ne ta rungumi labarin da mamaci ke tashi ya ba da shaida da kansa. Shi ya sa Elatsoe bai ɓata lokaci wajen ɓoye mai laifi ba. Mai karatu ya san shi tun farko. Wahalar ita ce yadda yarinya za ta tabbatar da laifin mutumin da gari ya tsaya masa.

Tasirin waɗannan littattafai da ya fi fitowa fili shi ne sauya matsayin ɗan asali a idon mai karatu. Ellie tana da wayar hannu, tana tunanin makaranta, iyayenta suna raye kuma sun gaskata ta. Akwai wurin da mahaifiyarta ta kori wani dodo mai shan jini irin na tatsuniyoyin Turai, wanda ba ya iya zama a gidan da ba a yi masa izini ba. Hujjarta ita ce ƙasar gaba ɗaya gidan Lipan ce. Da wannan fage guda marubuciyar ta isar da batun ƙwace ƙasa fiye da doguwar lacca.

Sai dai kasuwar ta zo da nata rikici. Wasu marubutan Navajo sun soki Roanhorse, wadda ba 'yar ƙabilarsu ba ce, bisa mayar da abubuwan ibadarsu kayan nishaɗi. Ƙabilun da gwamnatin Amurka ta amince da su sun haura 570, kowace da iyakar abin da ta yarda a faɗa wa bare. Akwai kuma haɗarin mai karatu ya ɗauki ƙagen marubuci a matsayin addinin mutane, ko kamfanoni su riƙa neman fatalwa da baƙin ciki kawai domin su ke ciniki.

Idan aka auna, ribar ta rinjayi asarar, muddin alƙalamin na hannun 'yan gida waɗanda suka san abin faɗa da abin sakayawa. Mai son fahimtar wannan salo ya fara da Elatsoe, sannan ya karanta tarihin Lipan, domin rabin ma'anar labarin yana can.