Tsohuwar kyanwa mai ciwon suga da ciwon ƙoda: me ya sa allurar jiya za ta iya yi mata yawa yau?

A Danja, inda rake da mazarƙwaila ba baƙi ba ne, gwada miƙa wa kyanwar gidanku ɗan ɓallin mazarƙwaila ka ga abin da za ta yi. Sai dai ta shinshina ta kau da kai. Ba yanga ba ce. A shekarar 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a jikin kyanwa. Amma duk da ba ta san daɗin suga ba, tana kamuwa da ciwon suga, kuma irin nata ya fi kama da wanda ke kama manyan mutane: jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka, sannan a hankali fankiriyas, sashen da ke samar da shi, ya gaji.

An gina jikin kyanwa ne a kan ɓera. Da aka auna abincin kyanwoyin da ke ciyar da kansu da farauta, an ga kusan rabin ƙarfin da suke samu daga furotin yake, ragowar kusan duka kitse ne, sitaci bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wadda ke gadin rumbun masara da dawa haka take rayuwa. Matsalar takan fara ne idan ta tsufa, farauta ta gagara, ta koma kwanciya a tsakar gida ana zuba mata ragowar tuwo da shinkafa da burodin da aka tsoma a shayi. Ƙiba da rashin motsi su ne manyan masu jawo ciwon, kuma muzuru ya fi macen shiga haɗari.

To a daidai waɗannan shekaru ne ƙoda ma take fara sanyi. Cikin kyanwoyi 10 da suka haura shekara 10, uku zuwa huɗu suna da ciwon ƙoda mai daɗewa, wanda ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Saboda haka haɗuwar cututtukan biyu a jiki ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Abin da ke rikita mai kyanwa shi ne alamominsu kusan iri ɗaya ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama. Kyanwa mai kilo 4 da ke shanye abin da ya kusa ledar fiya wata guda a rana, wato wajen mililita 400, lallai akwai abin da ke damunta. Dalilan ne suka bambanta. A ciwon suga, sugan da ya yi wa jini yawa ne ke malalowa cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi, shi ya sa za ka ga kiyashi sun taru a inda ta tsuguna. A ciwon ƙoda kuwa, matatar ce ta kasa riƙe ruwan. Bambancin da za ka iya gani da ido yana wajen kwano: mai suga tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, mai ƙoda kuwa abincin ne ke fita ranta, ga tashin zuciya da amai. Idan suga ya daɗe ba a kula ba, wata takan fara tafiya a kan dugadugan ƙafafun baya maimakon kan yatsu, saboda jijiyoyi sun taɓu. Sai dai ido ba ya yanke hukunci a nan, sai an gwada jini da fitsari. Ko gwajin ma da wayo: tsoro kaɗai yana iya harba sugan lafiyayyiyar kyanwa sama. Wadda aka saka a kwali aka ɗauko a babur daga Danja zuwa Funtuwa, ai dole a ga lamba mai tayar da hankali. Shi ya sa likita kan nemi gwajin furuktosamin, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, ba na wannan sa'ar kaɗai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙoda ba fitsari kawai take yi ba. Tana cikin masu share insulin daga jini idan ya gama aiki, kuma wanda aka yi allurarsa a ƙarƙashin fata ya fi dogara da ita wajen fita. Idan ta raunana, insulin yakan daɗe yana yawo, yana ci gaba da sauke suga bayan lokacin da ya kamata ya tsaya. Ƙari a kan haka, ƙoda tana taya hanta ƙera sabon suga idan na jini ya yi ƙasa, to wannan tallafin ma ya ragu. Sannan ga rashin cin abinci. Haɗa ukun ka gani: allura ta ƙara ƙarfi, mai ceto ya raunana, ciki kuma babu komai. Adadin da ya yi mata daidai wata uku da suka wuce, yau yana iya kayar da ita, alhali kai ba ka canza komai ba. Akwai ma wani abu da kyanwa ta keɓanta da shi: wasu sukan samu sauƙin ciwon sugan har su daina buƙatar allura na wani lokaci, kuma ba sa sanarwa.

Hawan suga yana ɓarna ne a makonni da watanni. Faɗuwarsa kuwa a sa'o'i take kisa, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a lokacin shi take ci. Don haka a tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda ba a neman lambar lafiyayye. Abin da likitoci kan nema shi ne sugan ya riƙa yawo tsakanin 90 da 250 a na'urar da ke ƙirga da miligiram, wato wajen 5 zuwa 14 a wadda ke ƙirga da milimol. (Idan ka raba na farkon da 18 za ka samu na biyun.) Iyakar saman tana da dalili: sai suga ya haura wajen 250 zuwa 290 yake fara zubowa cikin fitsarin kyanwa. Idan ka riƙe shi ƙasa da nan, ka hana shi kwashe mata ruwan jiki, kuma ƙoda mai rauni ba abin da ta tsana kamar ƙarancin ruwa. A ganina, ga irin wannan kyanwar gara ka zauna kusa da saman wannan tazara da ka riƙa leƙen ƙasanta.

Ana iya aunawa a gida da na'urar da masu ciwon suga ke amfani da ita, a ɗan tsira gefen kunne a samu ɗigo guda. Ka dai sani cewa na'urar mutane takan nuna ƙasa da gaskiya kaɗan a jinin kyanwa, don haka ka tsaya a kan na'ura ɗaya, ka riƙa rubuta lamba da lokaci da abin da ta ci. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta tsakiyar tazarar allura biyu, lokacin da sugan ke kaiwa ƙarshen saukarsa. Idan ka ga tana tangaɗi, ko rawar jiki, ko ta zuba ido wuri ɗaya, ko lamba ta sauka wajen 60, shafa mata zuma ko ruwan suga a dasashi nan take. Kada ka ɗura mata a maƙogwaro, za ta iya shaƙewa. Idan ta farfaɗo ka ba ta abinci, kada ka sake yin wata allura sai ka yi magana da likita. Tun ranar farko kuma ka tambaye shi: ranar da ta ƙi ci, rabi zan yi ko in fasa? Kada ka bari sai ranar ta zo.

Batun abinci shi ne gaba kura baya sayaki. Ciwon suga yana son nama da yawa, sitaci kaɗan. Ciwon ƙoda kuma an saba cewa a rage nama. Amma idan ka duba da kyau, babban abokin gabar ƙoda a cikin naman shi ne sinadarin fosfaras. Ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da shi, yana taruwa, yana ƙara lalata abin da ya rage. Likitocin dabbobi sun kasa ciwon ƙoda mataki 4 bisa yawan kiriyatinin a jini. A matakan farko ana iya barin furotin daidai gwargwado a matse fosfaras da sitaci. Daga mataki na 3 zuwa na 4 ƙoda ce ke da fifiko, sai a daidaita insulin da sabon abincin, domin suga yana da allura, ƙoda kuwa ba ta da madadi.

Abincin gwangwani na musamman da ake yi wa masu ciwon ƙoda da wuya ka same shi a kasuwar Danja ko Malumfashi, kuma da tsada. Abin da ke hannunka shi ne sanin inda fosfaras ya fi yawa: ƙashi, busasshen kifi da ake ci da ƙayarsa, hanta da sauran kayan ciki, madara da nono, da ƙwanduwar ƙwai. Ka lura, su ne dai abubuwan da muke ba kyanwa idan muna son kyautata mata. Dafaffen farin ƙwai furotin ne mai kyau wanda fosfaras ɗinsa kaɗan ne, ana iya haɗa shi da tsokar kaza da ɗan kitsenta. Wannan ba cikakken abinci ba ne na tsawon watanni, dole likita ya duba abin da ya rage, amma ya fi ragowar miya nesa ba kusa ba. Miyarmu akwai gishiri da dunƙule, uwa uba albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ita kuwa mai ciwon ƙoda dama jininta a ƙasa yake. Ka jiƙa abincin da ruwa, ka ajiye kwanukan ruwa a wurare biyu ko uku. Kada kuma ka yi mata horon yunwa don ta karɓi sabon abinci. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta, wata sabuwar cuta ke nan.

Sai sirinji, inda ake yin kuskuren da ya fi kowanne sauƙin aukuwa. Insulin ɗin da aka fi samu a kasuwa ƙarfi biyu ne. Na dabbobi irin su Caninsulin da ProZinc awo 40 ne a kowace mililita, na mutane irin su Lantus awo 100. Kowanne da sirinjinsa. Idan ka zuƙi mai 100 da sirinjin mai 40, ka ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Ga dabbar da ake fara wa da awo 1 kacal sau biyu a rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji duk lokacin da ka sayi sabo.

Ajiya kuma fa, ga halin wutarmu? Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, maki 2 zuwa 8, ba daskarewa ba. Wadda ta daskare ta lalace. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin na mutane da aka buɗe bai rasa ƙarfinsa ba tsawon mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin maki 25 da 37. Labari ne mai daɗi, amma ɗakin kwano a watan Afrilu yana iya wuce haka. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana aiki a nan: saka kwalbar a leda ka ɗaure, ka ajiye a ciki, a inuwa.

Kada ka taɓa buɗe jakar maganinka saboda ita. Farasitamol ƙwaya ɗaya yana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen da dikulofenak suna ƙarasa ƙodar da ta rage, haka ma allurar jentamaisin. Dekzametason da ake yawan yi wa dabbobi yana harba suga sama. Metfomin na masu suga ta ƙoda yake fita, kuma ba ya maye gurbin insulin a kyanwa. Akwai sababbin magungunan sha na kyanwa, Bexacat da aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2022 da Senvelgo a 2023, amma aikinsu shi ne tura suga waje ta ƙoda, kuma ba a ba wadda ta riga ta fara allurar insulin.

Likitocin dabbobi na yankinmu sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, don haka gwajin kiriyatinin da fosfaras da fotasiyam na kyanwa zai iya kai ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tun kafin ka tashi ka yi lissafi da gaskiya: allura safe da yamma kowace rana, da sake gwajin ƙoda duk bayan wata 3 zuwa 6. Ranar tafiya ka fita da sanyin safiya, ka riƙe littafin da kake rubuta lambobi, da kwalbar insulin ɗin da sirinjin da kake amfani da shi don likita ya gani da idonsa, da ɗan zuma a aljihu saboda hanya.