Ƙasar Sin: yadda tsofaffin zane-zane da labaru suka samu gurbi a intanet

Ranar 20 ga watan Agusta 2024, kamfanin Game Science na ƙasar Sin ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Black Myth: Wukong. Cikin kwana uku aka saida kofi miliyon 10. Jarumin wasan biri ne mai sandar tsafi, an kuma ciro labarin daga littafin "Tafiya zuwa Yamma" wanda aka buga a 1592 ba tare da sunan marubuci ba. Daga baya ne masana suka danganta shi da Wu Cheng'en.

Masu wasan sun zagaya tsofaffin ɗakunan ibada, da yawa a lardin Shanxi, suka ɗauki siffar gumaka da sassaƙe-sassaƙe da na'ura, suka zuba su cikin wasan. Bayan fitowarsa, matasa suka riƙa tururuwa zuwa waɗannan wurare don su gani da idonsu.

Wannan hanya ta daɗe. A ƙarni na 12, mai zane Zhang Zeduan ya zana rayuwar wani birni a bakin kogi: kasuwa, gada, jiragen ruwa, ƴan dako da raƙuma, a kan ƙyallen siliki mai tsawon mita biyar da ɗoriya. Zanen yana gidan tarihi na fadar sarakuna a Pekin, kuma ba kasafai ake fito da shi ba, don haske na lalata shi. A baje kolin duniya na Shangai a 2010, aka haska shi a bango mai tsawon sama da mita 100, mutanen ciki suna tafiya, dare na yi, gari na wayewa. Haka ma kogunan Mogao na Dunhuang, inda numfashin baƙi da danshi ke cin zanen bango: tun 2016 ana iya leƙa wasu daga cikinsu ta wayar salula.

Labaru ma sun koma intanet. Dandalin Qidian, da aka kafa a 2002, ya soma karɓar kuɗi a 2003: farkon littafi kyauta ne, sauran kuma mai karatu ya biya babi-babi. Marubuta kan saki sabon babi kusan kullum, galibinsu da sunan aro. Kayan aikinsu na gargajiya ne: aljanu, fatalwa, mayaƙan takobi da masu neman rai madawwami. Wani mai kiran kansa Tianxia Bachang ya yi suna a 2006 da labarin masu tonon tsofaffin kaburbura, wanda daga baya aka maida shi fina-finai. Marubuciyar da ake kira Mo Xiang Tong Xiu kuwa, labarinta ya zama shirin talabijin a 2019, an fassara littattafanta zuwa harsuna da dama, amma masu karatu da sunan aron kaɗai suka san ta.

Me ya sa ake ɓoye suna? A da, manyan malaman Sin na ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin aikin da bai dace da mai ilimi ba. Yau kuma ma'aikaci ko ɗaliba na iya rubutu ba tare da iyaye ko shugaban wurin aiki sun sani ba.

Sai dai ɓuyan bai cika ba. Tun 2017 dokar tsaron intanet ta wajabta wa dandali su san ainihin mai amfani da su, galibi ta lambar waya. Jama'a na ganin sunan aro, amma kamfani da hukuma sun san mai shi. Ana kuma goge labarun da masu tace rubutu suka ga sun ƙetare iyaka.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Ranar 5 ga watan Mayu 2020, marubuta da dama sun ƙi sakin sabon babi don nuna fushinsu da yarjejeniyar kamfanin da ya mallaki Qidian, suna cewa tana raba su da ikon littattafansu. Kamfanin ya sake fasalin yarjejeniyar bayan haka.

Matsala ta uku ita ce ajiya. Dandalin Tianya, wanda aka buɗe a 1999 kuma ya shahara da labarun fatalwa, ya rufe a 2023 saboda bashi, masu karatu suka wayi gari ba su iya kaiwa ga rubuce-rubucen sama da shekara 20. Zanen Zhang Zeduan ya kai kusan shekara 900 a kan siliki. Labarin da ke cikin na'urar kamfani kuwa, tsawon ransa ya rataya ne ga mai biyan kuɗin ajiya, da masu karatun da suka tuna suka kwafe shi tun da wuri.